TARIHI: Zainul Abidin, sarkin Kashmir da ya kira waɗanda sunka gudu

 

Yau a filin tarihi tafiya mai nisa za mu yi. Za mu bar Afirka, mu wuce Makka, mu yi ta yin gabas har arewacin ƙasar Indiya. Can cikin manyan duwatsun Himalaya akwai wani kwari da ake kira Kashmir. Tsawonshi kamar kilomita 135, faɗinshi bai kai kilomita 40 ba. Ke nan bai kai tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ba. Duwatsu sun kewaye shi ko ta ina. Wani gulbi mai suna Jelum ya ratsa tsakiyarshi, kuma a bakin gulbin nan babban birninsu yake, Sirinagar. Ƙasar sanyi ce ƙwarai. Lokacin ɗari ƙanƙara takan zubo daga sama kamar auduga, ta rufe gonaki da hanyoyi. Abincin mutanen wurin shinkafa ne.

A nan anka yi wani sarki Musulmi, Sultan Zainul Abidin. Ya hau sarauta a shekara ta 1420, ya rasu a 1470. Ku lissafa da kanku: shekara 50 ke nan. Lokacin da Sonni Ali ya hau mulkin Songoi a 1464, shi ya riga ya tsufa bisa karagarshi. Mutanen Kashmir ba su cika kiran shi da sunanshi ba. Bud Shah suke ce mashi, wato babban sarki. Musulminsu da waɗanda ba Musulmi ba, duk haka suke kiran shi. Mi ya yi masu har ya samu wanga suna? Kafin mu ba da amsa, sai mun ga irin ƙasar da ya tarar.

Abin da ya gada

Mutanen Kashmir na dauri addinin Hindu suke bi, wasu kuma addinin Buda. A 1339 wani Musulmi mai suna Shah Mir ya zama sarki, ya kafa gidan sarauta. Sarakunan farko na gidan nan ba su taɓa addinin talakawansu ba. Musulunci yana yaɗuwa sannu a hankali ta hanyar malamai da sufaye, kowa kuwa yana sha'aninshi.

Abu ya sake a zamanin Sultan Sikandar, wanda ya yi mulki daga 1389 zuwa 1413. Shi ne mahaifin Zainul Abidin. Sikandar ya gina babban masallacin Juma'a na Sirinagar, ya karɓi malamai baƙi da yawa daga ƙasar Farisa da tsakiyar Asiya. Amma a zamaninshi ne anka rushe ɗakunan ibada na ƴan Hindu da dama, har anka yi mashi laƙabi da Butshikan, mai fasa gumaka. Anka aza ma waɗanda ba Musulmi ba jizya mai nauyi. Anka hana su wasu al'adunsu. Anka lalata littattafansu. Wasu sunka musulunta don tsoro. Wasu sunka kwashe iyalinsu sunka ƙetare duwatsu, sunka bar gida da gona.

Wani abin lura a nan: wanda ya fi kowa zafi cikin aikin nan shi ne wazirin sarki, Suha Batta. Shi kanshi ɗan Hindu ne daga gidan malamansu. Da ya musulunta ya ɗauki sunan Saifuddin, sai ya juya kan danginshi na jiya. Marubucin tarihi na wancan zamani, Jonaraja, a kan wazirin nan ya fi aza laifi. Bayan rasuwar Sikandar babban ɗanshi Ali Shah ya gaje shi, wazirin yana nan, tsanani ya ƙaru.

Zainul Abidin ƙanen Ali Shah ne. Sunanshi na yanka Shahi Khan. Wata rana Ali Shah ya ce zai tafi hajji, ya bar ma ƙanenshi riƙon ƙasa. Da ya isa Jammu, sai surukinshi, sarkin wurin, ya ce mashi: ina hankali a bar sarauta? Ali Shah ya komo da mayaƙa. Shahi Khan ya fita ƙasar, ya nemi taimakon wani jarumi na ƙasar Fanjab mai suna Jasrat Kokar. Anka gwabza a wani wuri da ake kira Tana, anka ci Ali Shah. Haka Shahi Khan ya shiga Sirinagar a 1420, ya ɗauki sunan Zainul Abidin, wato adon masu bauta. Kun ga dai da takobi ya samu sarauta, kamar sauran sarakunan zamaninshi.

Maruru da mai magani

Ana nan sai wani mugun maruru ya fito ma sarki a hannu. Anka rasa mai warkar da shi, domin masu sanin magani da yawa ƴan Hindu ne, kuma sun gudu ko sun ɓuya. Da kyar anka samo wani mai suna Shirya Batta. Ya zo yana ɗari-ɗari, ya yi magani, sarki ya warke. Anka kawo mashi dukiya, ya ƙi karɓa. Mutanen Kashmir suna faɗi har yanzu cewa abin da ya roƙa shi ne a sassauta ma mutanenshi. Sarki ya jawo shi jiki, ya ba shi babban muƙami a fada.

To, ga abin da sarki ya zartar. Ya aika a gaya ma waɗanda sunka gudu su komo gida, babu mai taɓa su. Ya rage jizya ta koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga baya ya soke ta baki ɗaya. Ƴan Hindu ƙona gawa suke yi, ba su binnewa, kuma an aza masu haraji a kan haka. Ya soke shi. Ya ba su izinin gyara ɗakunan ibadarsu da gina sababbi. Ya ba su izinin sa ɗigon nan da suke sawa a goshi, da koya ma ƴaƴansu littattafansu. Saniya abin girmamawa ce a wurinsu, sai ya hana yanka shanu. Wanda kuma anka musuluntar da ƙarfi, in yana son komawa addinin iyayenshi, anka bar shi ya koma.

Ku tsaya ku duba nauyin abin nan, ƴan uwa. Aikin da yake warwarewa aikin gidansu ne. Na mahaifinshi ne da na wanshi. Manyan da sunka goyi bayan wancan aiki suna nan da ransu. A ganina wanga shi ne ya fi wuya cikin duk abin da ya yi, domin ɗa bai cika son a ce ya saɓa ma sawun ubanshi ba, balle ɗan sarki. Kuma kada wani ya zaci sakaci ya yi da addininshi. Masu tarihi sun shaida yana salla biyar, yana azumin Ramadan, yana girmama malamai da waliyyai. Ya gina masallatai da makarantu. A zamaninshi ne babban waliyyin Kashmir, Shehu Nuruddin, ya rasu, kuma sarki yana cikin masu ganin girmanshi. Duk da haka ranar da ƴan Hindu ke bikin gulbin Jelum, suna kunna fitilu a bakin ruwa, yakan fito ya yi kallo tare da su.

Akwai abu ɗaya da ba za mu yaba ba. A wasu gidajen ƴan Hindu, in miji ya mutu, matarshi takan shiga wutar da ake ƙona gawarshi. Ana ce ma al'adar nan sati. Sikandar ya hana ta. Zainul Abidin, cikin mayar masu da al'adunsu, ya ɗage hanin. Mata ne sunka biya kuɗin wagga sassauci da rayukansu.

Takardar gona cikin ruwa

Waɗanda sunka komo sun tarar da fada a buɗe. Jonaraja da munka ambata malamin Hindu ne, kuma shi sarki ya sa ya ci gaba da rubuta tarihin sarakunan Kashmir. Cikin littafinshi ya ba da labarin wata shari'a da ta shafi gidansu. Ku saurara da kyau, domin irinta tana faruwa ko'ina.

Kakan Jonaraja yana da gona kashi 10. Ya sayar da kashi 1, anka rubuta takardar ciniki. Cikin shekarar nan ya mutu, ya bar ƴaƴa ƙanana. Masu sayen kuwa mutane ne masu ƙarfi. Sai sunka mamaye gonar duka, suna nome ta shekara da shekaru. Don su tabbatar da zaluncinsu, sunka ɗauko takardar sunka yi ƴan ƙare-ƙare bisa haruffa, ta yadda wurin da anka rubuta kashi 1 ya koma kashi 10. Marayu ba su da bakin magana. Takarda ta ce 10, wa zai yi musu da takarda?

Da Jonaraja ya girma ya kai ƙara gaban sarki. Anka kira masu gonar, sunka kawo takarda. A zamanin nan mutanen Kashmir bisa ɓawon wata itaciya ta kan duwatsu suke rubutu, ɓawo mai laushi wanda ruwa bai ɓata shi. Sarki ya karɓa ya duba. Sai ya sa anka kawo ruwa, ya tsoma takardar ciki gaban ƴan majalisa. Sabuwar tawada ta wanke. Tsohon rubutu ya tsaya daram. Kowa ya karanta da idonshi: kashi 1. Anka mayar ma Jonaraja gonar kakanshi, anka hukunta masu maguɗi.

Ku lura, mai ƙarar nan ɗan Hindu ne, alƙalin kuwa sarki Musulmi. Ƴan shekaru kaɗan kafin nan, irin su Jonaraja ta kansu suke yi, wa ke zancen gona? Ku lura kuma sarki bai miƙa takardar ga wani ya karanta mashi ba. Bayan harshen Kashmir, ya iya Farisanci, ya san Sanskirit, harshen littattafan ƴan Hindu, har da harshen Tibet.

Sauran hukuncinshi ma a kan wagga hanya yake. Ɓarawo in an kama shi, ba a cika kashe shi ko yanke mashi gaɓa ba. Sai a sa mashi mari a tura shi aikin gini. In anka yi ma matafiyi fashi a kan hanya, mutanen ƙauyen da abin ya faru a ƙasarsu su za su biya. Don haka kowane ƙauye ya sa ido a kan hanyarshi. Farashin kaya kuwa anka kafa mashi ƙa'ida, anka rubuta dokoki bisa allunan jan ƙarfe, anka aje a garuruwa. Ya yi yaƙi shi ma, ya kai hari Ladak da Baltistan, amma ba da yaƙi ake tuna shi ba.

Ruwa, takarda da littafi

Ƙasar da mutanenta sunka watse, gonakinta saura ne. Da mutane sunka komo, sai sarki ya juya kan ruwa. Ya sa anka haƙa magudanai masu yawa daga ƙoramun duwatsu zuwa filayen da dā ba a nomawa. Wani yanki a arewacin kwarin, wanda ya kai ma ruwa, har yau sunanshi Zainagir. Ya sa anka auna gonaki anka rubuta, don a san abin da ke kan kowa. A sababbin gonaki ya sauƙaƙa haraji don manoma su zauna.

Cikin Sirinagar ya gina gada ta katako bisa gulbin Jelum, anka sa mata Zaina Kadal. Ya haƙa wata hanyar ruwa mai suna Mar, wadda jiragen ruwa ke bi cikin gari, tana kuma rage ambaliya. Ta yi aiki fiye da shekara 500, sai cikin shekarun 1970 anka cike ta anka yi titin mota. A tsakiyar babban tabkin Wular kuwa ya sa anka yi ta zuba duwatsu har tsibiri ya fito, wajen 1443. Ya gina masallaci da gidan hutawa bisa kanshi.

Manomin Kashmir watanni yake yi zaune cikin ɗaki saboda ƙanƙara. Sana'ar hannu ita ce ke cika mashi wanga lokaci. Sarki ya gayyato gwanaye daga Samarƙandu da ƙasar Farisa. Ya tura mutane Samarƙandu su koyo yin takarda da ɗinkin littafi, sunka komo sunka koya ma wasu. Saƙa, sassaƙar itace, aikin dutse, aikin ƙarau, duk sunka bunƙasa. Shekara 70 bayan rasuwarshi wani baƙo mai suna Mirza Haidar ya mallaki Kashmir. Ya rubuta cewa sana'o'in da ya gani a nan ba a samun su a yawancin birane, kuma ya ce albarkacin Zainul Abidin ne.

Sai aikin fassara. Musulmin fada Farisanci suke karantawa, ƴan Hindu Sanskirit. Kowa da littafinshi, wani bai san abin da ke cikin na wani ba. Sarki ya tara malamai na ɓangare biyu ya sa su aiki tare. Anka juya tsohon tarihin Kashmir mai suna Rajatarangini zuwa Farisanci. Anka juya Mahabarata, babban littafin labaran ƴan Hindu. Babban malamin fada, Mulla Ahmad, shi ake danganta ma wanga aiki. Anka kuma juya littattafan Farisanci zuwa Sanskirit. Sarki yakan aika ƙasashe a sayo mashi littattafai, in mai littafi ya ƙi sayarwa, a biya shi a kwafo.

Gidan sarki

Shekarun ƙarshe ba su yi daɗi ba. A 1460 ƙanƙara ta zubo da wuri, shinkafa ba ta nuna ba, ta lalace a gona. Anka yi yunwa mai tsanani. Sarki ya buɗe rumbunan gwamnati anka raba hatsi. Ba a gama farfaɗowa ba sai ambaliya ta zo ta ci gidaje.

Amma abin da ya fi ci mashi rai daga cikin gida ya fito. Ƴaƴanshi maza uku ke neman gado: Adam Khan, Haji Khan da Bahram Khan. Adam shi ne babba, amma sarki ya fi karkata ga Haji. Don ya raba su, sai ya tura Haji riƙon wani yanki na nesa. Haji ya tara mayaƙa ya nufo mahaifinshi. Anka yi yaƙi, uba da ɗa, Adam yana gefen uba. Haji ya sha kashi ya gudu. Sai sarki ya ba Adam riƙon arewacin ƙasa. Shi kuma ya shiga ƙwace dukiyar talakawa, da anka tsawata mashi ya yi tawaye. Dole sarki ya kira Haji, wanda ya yaƙe shi jiya, ya taimake shi a kan Adam. Bahram, ƙaraminsu, yana tsakiya yana zuga wanga yana zuga wancan.

Ga mutumin da ya iya zaunar da Musulmi da ɗan Hindu a majalisa guda, ya kasa zaunar da ƴaƴanshi uku bisa tabarma guda. Da ya tsufa fadawa sunka yi ta roƙon shi ya nuna magaji, ya ƙi. Wasu za su ce hikima ce, tunda duk wanda ya nuna sauran biyu za su tashi. Ni dai ina ganin rauni ne, domin rikicin da ya ƙi yankewa da ranshi talakawa ya bar ma.

Matarshi da yake ƙauna, Taj Khatun, ta riga shi rasuwa. Ya rage cin abinci, ya daina kula da sha'anin mulki. Da dare in barci ya ƙi zuwa, wani malamin Hindu mai suna Shiribara, almajirin Jonaraja, shi ke zama kusa da shi yana karanta mashi wani littafin Sanskirit mai magana a kan ƙarewar duniya. Shi Shiribara ne ya rubuta mana labarin kwanakin nan. Sarki ya rasu a 1470. Anka binne shi a maƙabartar sarakuna ta Sirinagar, kusa da hubbaren da ya gina ma mahaifiyarshi.

Haji Khan ya hau, ya ɗauki sunan Haidar Shah. Mashayin giya ne, ya sakar ma wani wanzami ragamar fada, anka koma gallaza ma malaman Hindu. Mulkinshi bai wuce shekara 2 ba. Adam ya mutu a gudun hijira. Bahram kuwa ɗan Haidar ya sa anka makantar da shi. Daga nan manyan gidaje sunka yi ta naɗa sarki suna tuɓewa, har sarkin Indiya Akbar ya haɗiye Kashmir a 1586.

Tun 1947 ƙasar Kashmir ta rabu tsakanin Indiya da Pakistan, an yi yaƙi a kanta fiye da sau ɗaya. A 1990, da tashin hankali ya ɓarke a kwarin, ƴan Hindu na wurin, jikokin irin mutanen da Bud Shah ya kira gida, sunka sake kwashe iyalinsu sunka fita, dubbai bisa dubbai. Yawancinsu ba su koma ba. A Sirinagar akwai wata gada da wani dandali masu sunan Bud Shah, kuma unguwar da kabarinshi yake ana kiran ta Zaina Kadal, sunan gadar da ya gina.